Awa Huɗu Bayan An Kulle Ƙofa: Kare, Kaɗaici Da Mai Aikin 'Yan Awoyi

A Birtaniya, inda karnukan da ake ajiyewa a gidaje suka haura miliyan 10, duk wanda ya je gidan kula da karnuka marasa galihu don a ba shi ɗaya ya riƙe, akwai tambayar da ba zai kauce mata ba: awa nawa karen zai riƙa yi shi kaɗai a gida kowace rana? Sau da yawa amsar da ya bayar ce ke yanke ko zai koma gida da kare ko hannu rabbana. Manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na ƙasar, wato RSPCA da aka kafa tun 1824, da Dogs Trust, da PDSA, da Blue Cross, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kada a saba barin kare shi kaɗai fiye da awa 4 a jere. Mai fita aiki tun safe sai yamma ya san wannan ƙa'ida ta fi ƙarfinsa in ba ya nemi mai taimako ba. Wanda ke tsaka-tsaki shi ne mai aikin 'yan awoyi, kuma irinsa sun haura miliyan 8 a ƙasar. Shi yakan yi lissafi ya ga aikinsa awa 4 ne, ƙa'ida ma awa 4 ce, sai hankalinsa ya kwanta. A ganina wannan lissafin ne mafarin matsala. Mai irin wannan aiki zai iya riƙe kare, har ya fi mutane da yawa dacewa da hakan, amma ba ƙidayar awa ce za ta ba shi izini ba. Abin da zai ba shi izini shi ne ya koya wa karen zaman kaɗaici, sannan ya tabbatar da idonsa cewa karen ya koya.

Tun farko ma lissafin ba ya cika. Awa 20 a mako na iya zama awa 4 kullum na kwana biyar, yana kuma iya zama yini biyu cur da rabi. Masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, aikin da 'yan Najeriya da yawa ke yi a Birtaniya, sukan yi awa 12 a zama ɗaya, ko da kwana biyu kacal suke fita a mako. Ɗalibin da ya zo daga waje, wanda bizarsa ta iyakance masa aiki zuwa awa 20 a mako lokacin karatu, yana da darussa da ɗakin karatu a kan aikin. Akwai kuma kimanin mutum miliyan ɗaya da ke kan kwantiragin da bai ba su tabbacin ko awa ɗaya ba, yau a kira su da asuba, gobe da dare, jibi shiru. Sannan ga hanya. Wanda zai yi minti 45 a bas zuwa, minti 45 dawowa, ya biya kanti ya sayi burodi da madara, awa huɗunsa ta doshi shida ba tare da ya lura ba. Kare bai san jimillar mako ba. Abin da ya sani shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin rufe ƙofa da buɗe ta, da cikar mararsa, da ko yau ta yi kama da jiya.

Ita kanta awa 4 ɗin ba doka ba ce. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 da ke aiki a Ingila da Wales ta ɗora wa mai dabba nauyin biya mata buƙatu biyar: wurin zama da ya dace, abinci da ya dace, damar yin ɗabi'unta na halitta, zama tare da wasu ko nesa da su gwargwadon irinta, da kariya daga ciwo da wahala da cuta. Ba ta ambaci adadin awa ba. A Suwidin, hukumar harkokin noma ta fi shiga daki-daki: a duba kare aƙalla sau biyu a rana, a fitar da shi waje aƙalla duk bayan awa 6 da rana, kwikwiyo da tsohon kare kuma fiye da haka, sannan an hana kulle shi a keji cikin gida sai a wasu 'yan yanayi kamar tafiya ko jinya. Ƙasashe biyu masu tsananin son karnuka, a ɗaya ƙungiyoyi sun ce huɗu, a ɗaya hukuma ta ce shida. Wannan kaɗai ya nuna cewa adadin kintace ne na masu hankali, iyaka ce da aka ja don kada a wuce gona da iri, kuma mai cewa babu wani gwaji da ya tabbatar da cewa kare na lafiya a awa 3 da minti 59 sannan ya shiga uku a awa 4 da minti 1 yana da gaskiya.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi ma abin da ya nuna ya fi haka sarƙaƙiya. A 2011 Therese Rehn da Linda Keeling na jami'ar kimiyyar noma ta Suwidin suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan karnuka 12, waɗanda duk ba a san su da matsalar rabuwa da mai gida ba. An ɗauki bidiyon kowane kare a gidansu bayan an bar shi rabin awa, da awa 2, da awa 4. A duk lokutan uku, karnukan sun shafe mafi yawan zaman a kwance. Bambancin sai da mai gida ya dawo ya bayyana: bayan awa 2 da awa 4 sun fi kaɗa wutsiya, da lasar leɓe, da girgiza jiki, da manne wa mutum, fiye da bayan rabin awa. Wato kare yana jin tsawon lokaci, amma lafiyayyen karen da ya saba yana iya kwanciya ya jira. Babban kare dama yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a yini da dare, don haka rabin yinin da ya yi a kwance ba asara ba ce gare shi. Wannan labari ne mai daɗi ga mai aikin 'yan awoyi, sai dai a tuna da sharaɗin da masu binciken suka gindaya tun farko, cewa sun zaɓi karnukan da ba su da matsalar. Tambayar da ta rage wa kowane mai kare ita ce ko nasa yana cikin waɗannan.

Karen da bai iya kaɗaici ba, ba ya jiran awa huɗu ta cika kafin ya shiga damuwa. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da lura cewa abin yakan fara ne cikin mintunan farko, ya kai ƙololuwa cikin rabin awa, wani lokaci ma tun kafin mutum ya fita. Da ya ji ƙarar makullai, ko ya ga an ɗauki takalmin aiki, sai ya fara haki alhali ba zafi ake yi ba, yana bin mai gida daga ɗaki zuwa ɗaki. Ana rufe ƙofa sai ya tsaya a gindinta, hanci a ƙasan ƙyaure yana shinshina. Ya ruga taga, ya dawo ƙofa, ya sake komawa taga, a kan layi ɗaya kamar an zana masa. Miyau na dalala, yana kuka siriri, can ya ɗaga kai ya yi mai tsawo. Ƙashin da aka bar masa, wanda in da mai gida na nan da tuni ya far masa, ko kallonsa ba ya yi. Wani ya kama karce ƙofa har faratansa su yi jini, wani ya yi fitsari a tsakar ɗaki alhali minti goma da suka wuce aka fitar da shi. Ga irin wannan kare, ba a ce an yi masa sauƙi don aikin mai gidansa awa 3 ne maimakon 8 ba, domin mafi munin abin ya riga ya faru kafin mutum ya kai tashar bas.

Karnuka nawa ne ke cikin wannan hali? A nan alƙaluma sun yi hannun riga, kuma saɓanin nasu yana da abin faɗa. Wani babban bincike na jami'ar Helsinki da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara bayanan karnuka sama da 13,700 daga bakin masu su, ya sami matsalar rabuwa a kimanin kashi 5 cikin 100 kacal. RSPCA kuwa cewa take yi kusan karnuka 8 cikin 10 na shan wahalar zama su kaɗai. A 2013 tashar talabijin ta Channel 4, tare da masana daga jami'ar Bristol, ta sa kyamarori a gidajen karnuka 40, aka ga mafi yawansu na nuna alamun damuwa, har da waɗanda masu su ke da yaƙinin lafiya lau suke. Ma'aunin binciken ya bambanta, kuma karnuka 40 ba su isa a yanke wa ƙasa hukunci ba. Duk da haka akwai dalili bayyananne na wannan tazara: in ka tambayi mai kare, abin da ya tarar zai gaya maka, kujerar da aka yaga ko ƙorafin maƙwabci. Karen da ya yini yana safa da marwa a bakin ƙofa bai fasa komai ba, bai yi haushi ba, ba ya barin shaida. Shi ya sa nake ganin matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne mafi arha: a jingine tsohuwar waya a kan tebur, a kunna bidiyo, a fita na minti 40, a dawo a kalla. Gani ya kori ji.

Abin takaici shi ne yadda ake karɓar shaidar in ta bayyana. Mutum ya dawo a gajiye, ya tarar da matashin kujera a yage, kare ya sunkuyar da kai, kunnuwa a kwance, yana kauce wa ido, sai ya ce ai ya san laifinsa, ya hau shi da tsawa ko duka. Alexandra Horowitz ta kwalejin Barnard da ke New York ta gwada wannan zato a 2009 da karnuka 14. Mai kare zai hana karensa cin wani abu ya fita daga ɗaki, in ya dawo a gaya masa kare ya ci ko bai ci ba, wani lokaci a faɗa masa akasin abin da ya faru. Sai aka ga wannan sunkuyar da kai tana bin tsawar mai gida ne, ba ta bin laifin, har ma karnukan da ba su ci komai ba aka yi musu tsawa sun fi nuna ta. Kare ba ya haɗa dukan ƙarfe biyu na rana da yagar da ya yi da ƙarfe tara na safe. Abin da yake koya shi ne dawowar mai gida ma abin tsoro ce, sai damuwar gobe ta ninka ta yau.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mai aikin 'yan awoyi, kuma daga alherin aikin nasa ya fito. Tunda yana gida mafi yawan lokaci, karen yakan tashi bai taɓa sanin gida ba kowa ba, yana kwance a ƙafarsa in yana kallo, yana biye da shi har bakin banɗaki. Ranar da aka kira shi aiki na awa 6, karen zai faɗa cikin abin da ba a taɓa shirya shi a kai ba. Birtaniya ta ga wannan a faɗin ƙasa. Kafin annobar korona, rahoton PDSA na 2019 ya nuna kusan kare ɗaya cikin biyar ana barinsa awa 5 ko fiye a ranar aiki. Da aka kulle ƙasar a watan Maris na 2020, mutane suka yi rububin sayen 'yan kwikwiyo, waɗanda suka girma a gidajen da ba a fita. Da ofisoshi suka buɗe, likitocin dabbobi da masu horarwa suka fara ganin sakamakon. A 2022 Dogs Trust ta sami kira sama da 50,000 daga mutanen da ke neman a karɓi karnukansu, adadin da ba ta taɓa gani ba. Tsadar rayuwa na da babban kaso a wannan adadi, ba za a ɗora shi duka a kan kaɗaici ba, amma darasin waɗannan 'yan kwikwiyo a fili yake: yawan zama da kare ba ya koya masa zama shi kaɗai.

Koyarwar ba ta da wani sirri, haƙuri take ci. Ana farawa ne mutum na cikin gida: a ba kare shimfiɗarsa da abin tauna, a shiga wani ɗaki a rufe ƙofa na daƙiƙa 10, a fito kafin ya fara kuka, ba tare da wani biki ba. A maimaita, a kai rabin minti, a kai minti 2, a kai 5. A ɗauki makullai a zauna a sha shayi, a sa takalmin aiki a yi wanke-wanke, har waɗannan alamu su daina nufin komai a wurinsa. Sannan a fara fita waje, waya na ɗauka, kuma duk ranar da bidiyo ya nuna ya firgita, an yi sauri ke nan, sai a koma matakin baya. Kafin fita ta gaske a zagaya da shi ya gaji, ya yi bayan gida, a bar masa ruwa. Wannan yakan ɗauki makonni, ga wasu karnukan watanni, kuma a tsawon lokacin dole a sami wanda zai zauna da shi ranakun aiki, domin firgita ɗaya mai tsanani na iya rushe aikin sati biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wanda ya san zai fara aiki a watan gobe yau ya kamata ya fara. Kwikwiyo kuwa lissafinsa daban ne: ɗan wata biyu ko uku ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa 2 zuwa 3, kuma babu dabarar da za ta sa awa 4 ta dace da shi. Karen da abin ya yi wa tsanani yana buƙatar likita, akwai ma magunguna irin su clomipramine da fluoxetine da aka amince a ba karnuka saboda wannan matsala, amma tare da horo ake ba da su.

Za a ce wannan tsauri ya mayar da riƙon kare na masu kuɗi da 'yan fansho kaɗai, alhali gidajen karnuka marasa galihu sun cika maƙil, kuma karen da ke jiran mai shi awa 6 a falo ya fi wanda ke kwana a ɗakin siminti dacewa. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ina ganin ƙungiyar da ke hana mutum kare don kawai aikinsa ya kai awa 5, ba tare da duba irin karen da irin shirin mutumin ba, ta yi kuskure. Tsohon karen tsere da ya yi ritaya, wanda barci ne rabin rayuwarsa, ba ɗaya yake da matashin karen kiwon tumaki da aka halitta don ya yini yana gudu ba. Sai dai amsar ƙorafin tana goyon bayan abin da nake faɗa ne. In adadin awa ba zai zama dalilin hana kowa ba, ba zai zama lasisin kowa ba. Kuma ba duk mafita ce ke cin kuɗi ba. Mai yawo da karnuka da gidan renon karnuka na yini suna da tsada, amma maƙwabciya tsohuwa da ke son abokin hira, ko abokin aiki da za a yi musayar ranaku da shi, ko roƙon shugaban aiki ya raba awoyin a kan kwana huɗu maimakon biyu, duk ba sa buƙatar ko fam ɗaya.

Sauran dabarun da ake yawan kawowa ba su kai yadda ake zato ba. Ƙaro kare na biyu yakan taimaka in gundura ce matsalar, amma karen da mutum yake nema ba ya samun natsuwa don an kawo masa ɗan'uwansa, wani lokaci ma sabon ya kwaikwayi tsohon. Rediyo na rufe hayaniyar titi, iyakarsa ke nan. Keji yana kare kujera, ba ya kare karen, kuma wanda ya firgita a ciki yakan karya haƙori a jikin ƙarfe.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa wannan duk lalurar Turawa ce, mutane na fama da abin da za su ci ana zancen kewar kare. Gaskiya ne cewa karen ƙauye a ƙasar Hausa bai san wannan matsala ba, kuma dalilin abin lura ne: ba ya taɓa zama shi kaɗai. Karen farauta na tare da maharbi da sauran karnuka, na makiyayi na biye da garke, na gida na kwance a ƙofar zaure inda yara da awaki ke kai-kawo. Amma birni ya kawo sabon salo. A unguwannin Abuja da Kaduna da Kano ana sayen manyan karnukan waje da kuɗi mai yawa don gadi, a kulle su a kejin ƙarfe ko ɗan akurkin bulo mai rufin kwano tun asuba, ba a sake su sai sha ɗayan dare. Awa 16 ke nan ko fiye, kullum, ba mutum ba ɗan'uwa, a garuruwan da ake tsananin zafi a watan Afrilu, ga dabbar da ba ta yin gumi kamar mutum sai dai ta yi haki. Masu yin haka sukan ce kullewar ce ke sa kare zafi. Abin da take haifarwa shi ne kare mai tsoro da ba ya bambance ɓarawo da ɗan aike ko yaron gida. Sakin sa ya yi yawo a unguwa ma ba mafita ba ce, domin ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Addinin da mafi yawanmu ke bi, wanda ya halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, shi ne kuma ya zo da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, duka a Bukhari da Muslim. Ba sai mutum ya kwana da kare a ɗaki ba kafin ya yarda cewa dabbar da ya tsare amana ce a wuyansa.

Don haka ga mai aikin 'yan awoyi da ke shawarar ɗaukar kare, ko a Manchester yake ko a Gwarimpa ta Abuja: ka lissafa ranar da ta fi kowace tsawo a makonka, daga fita zuwa dawowa, ba matsakaiciyar rana ba. Ka nemi babban kare mai sanyin hali in ba ka da watannin da kwikwiyo ke buƙata. Ka san sunan wanda zai leƙa shi ranar da aka riƙe ka a wurin aiki tun kafin ranar ta zo. In kana da karen tuni, ka ɗauki bidiyonsa a wannan makon, in ka ga ya kwanta cikin minti goma ka tafi aikinka da kwanciyar hankali, in ka ga akasin haka ka fara horo ka nemi likitan dabbobi. Wanda kuma ya duba ya ga ba shi da lokacin horon, ba shi da mai taimako, ya haƙura da kare har sai halinsa ya canja.